Gidan da Na Gina a Intanet

Ya kai mai karatu, idan wata rana hanya ta kawo ka garin Bauchi, ka tambayi kowane ɗan acaɓa unguwar Fadaman Mada, zai kai ka. A nan aka haife ni, a nan na girma, a nan kuma nake zaune har yau. Sana'ata ita ce rubuta manhajar kwamfuta. Gidan da nake kwana a ciki mahaifina ne ya gina shi, ɗaki bayan ɗaki, gwargwadon abin da albashin malamin firamare ya ba shi hali. Amma ina da gida na biyu, wanda ni na gina da hannuna ba tare da bulo ko siminti ba. Shi ne shafina na intanet. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina gina shi, ina rushewa, ina sake gini. Labarinsa nake so in ba ka, domin ya shafi harshen nan da kake koyo.

Kafin mu shiga labari, ya kamata ka san mene ne shafin intanet. Rubutu ne kawai da hotuna, waɗanda aka ajiye a cikin wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana. Ana kiran irin wannan kwamfuta saba. Idan ka rubuta adireshin shafi a wayarka, sai wayar ta aika wa sabar saƙo, ita kuma ta turo mata rubutun. A cikin rubutun akwai alamomi da ke gaya wa wayar inda kanun magana yake, da inda sakin layi ya fara, da inda hoto zai zauna. Sunan waɗannan alamomi HTML. Wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee ne ya ƙago wannan tsari a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Janeba. Ya gabatar da shawararsa a 1989, kuma a 1991 mutanen waje suka fara ganin shafin farko.

Ni kuwa sai a 2003 na gina nawa. A lokacin ina ɗalibi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a harabarta ta Yelwa. Wayar salula ba ta daɗe da shigowa Nijeriya ba, don a 2001 ta zo, kuma aikinta kira ne da gajeren saƙo. Wanda yake son intanet sai ya tafi shagon da muke kira kafe, ya sayi awa ɗaya ko biyu. Kuɗin awa guda yakan cinye mini kuɗin abincin rana. Saboda haka nakan rubuta alamomina a takarda tun daga gida, in buga su a ɗakin kwamfuta na makaranta, in zuba a faifan fulofi, sa'an nan in tafi kafe in yi kwanan zaune, domin da dare ya fi araha. Wani kamfani na ƙasar waje yana ba da filin ajiya kyauta, sai na karɓa da murna, ban ko karanta sharuɗɗansa ba.

Da za ka ga wancan shafi yau, da ka yi dariya har ka riƙe ciki. Bangonsa baƙi ne mai taurari. Sunana yana gudu daga dama zuwa hagu da jajayen haruffa. A gefe ga hoton tutar Nijeriya tana kaɗawa, a ƙasa kuma ga wani ɗan akwati mai ƙirga baƙi. Kullum na shiga kafe, akwatin nan nake fara dubawa. Ranar da ya kai ɗari na yi ta ba abokaina labari, alhali na san fiye da rabin baƙin ni ne da kaina. Duk rubutun da Turanci na yi shi, in ban da wani ɗan sakin layi na Hausa da na saka a ƙarshe don ado.

Da na gama, sai na buga shafin a takarda na kai wa mahaifina. Na same shi a zaure bayan sallar la'asar. Ya sa tabaransa, ya wuce Turancin bai ce komai ba. Da ya iso kan Hausar sai ya tsaya, ya ɗago kai.

Ya ce, "Kai, zo nan. Tun yaushe ka fara kiwon macizai ban sani ba?"

Na ce, "Macizai kuma, Baba?"

Ya ɗora yatsa a kan layin da na rubuta cewa ina kaunar kasata. Ya ce, "Kasa macijiya ce mai mugun dafi. Ƙasa ita ce wadda kake takawa. Wacce daga ciki kake ƙauna?"

Na ce, "Baba, ai kwamfuta ba ta san ƙugiya ba."

Ya ce, "To, ka koya mata mana. Ba abin da aka tura ka ka karanto ba ke nan?"

Kai da kake koyon Hausa, na san malaminka ya riga ya wahalar da kai a kan waɗannan haruffa masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ. Wataƙila har ka taɓa cewa a ranka, mene ne amfanin wannan ɗan lanƙwasa? Amfaninsa shi ne ya raba fada, inda sarki yake zama, da faɗa, wanda ake yi da sanda. Shi ne ya raba kafa, wato dasa abu ya tsaya, da ƙafa, wadda kake tafiya da ita. Tun shekarun 1930 aka shigar da su rubutun boko, kuma mahaifina ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa yara su. Ni kuma, a dare ɗaya, na zubar da su don injin da nake aiki da shi bai nuna mini inda suke ba.

Duk da wannan gori, shafin ya burge shi. Da na gaya masa cewa mutumin da ke Legas ko Landan yana iya karanta shi, sai ya yi shiru. Can ya ce, "In haka ne, akwai abin da ya fi sunanka cancantar a karanta." Daga ranar, duk daren Juma'a bayan sallar isha'i, mukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Shi yana faɗa, ni ina rubutawa da hasken fitila. Ya ba ni labarin Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya karɓo tuta ya kafa birnin Bauchi. Ya lissafa mini ƙofofin ganuwa, irin su Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Nassarawa. Ya faɗa mini yadda ya ga zuwan jirgin ƙasa a farkon shekarun 1960, da yadda gari ya yi tsit a watan Janairun 1966 sa'ad da aka tabbatar da rasuwar Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya kuma kwatanta mini yadda garin ya cika da ma'aikata bayan an ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, har gidaje suka mamaye wuraren da ya sani gonaki.

Labari goma sha biyu muka yi. Kowanne na buga, sai in kawo masa a takarda, ya ɗauki jan biro ya bi layi-layi yana ɗora wa haruffa ƙugiyarsu. Nakan karɓa in ce zan gyara, amma ban san yadda zan yi ba, kuma ban tsaya na bincika ba. Haka labaran suka zauna a intanet babu ƙugiya ko ɗaya.

Allah ya yi wa mahaifina rasuwa a 2008. A shekarar da ta biyo baya, kamfanin nan da ya ba ni fili kyauta ya rufe wannan sashe na aikinsa. Ba a ɓoye ya yi ba. Ya yi sanarwa watanni kafin ranar, ya kuma aiko da saƙon imel cewa kowa ya kwashe kayansa. Amma ni na daina buɗe tsohon akwatin imel ɗina, kuma neman aiki ya ɗauke mini hankali. Wata rana na rubuta adireshina, sai na tarar babu komai. Na ruga gida na ɗauko faifan fulofin da ke cikin durowa. Zafi da ƙura sun riga sun cinye su, ko ɗaya bai buɗe ba. Akwai wata taska a Amurka mai suna Internet Archive, wadda ke adana kwafin tsofaffin shafuka. Na duba can, na sami shafin farko da jajayen haruffansa da tutarsa. Labaran Baba kuwa ba su ciki. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Laifin nawa ne, ba na kowa ba, kuma da na sani ƙeya ce.

A 2010 na sake gini. Wannan karon na ce ba zan ƙara zama a filin aro ba. Na sayi adireshi nawa na kaina mai ƙarewa da .com.ng. Haruffan nan biyu, ng, su ne alamar Nijeriya a intanet, kuma wata ƙungiya mai suna NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da su. Adireshin ba a sayensa a mallake har abada, duk shekara ake sabuntawa. Na kuma kama hayar fili a saba, na ɗora manhajar WordPress, wadda ke sauƙaƙa tsara shafi. Burina a lokacin in sami aiki a Abuja ko Legas. Don haka na cika shafin da manyan hotuna masu juyawa, da kiɗa mai tashi da kansa, da jerin duk abin da na iya da wanda nake sa ran iyawa. Hausa kuwa ban sa ko kalma ɗaya ba.

Ƙanwata ce ta fara gwada shi. Tana da 'yar ƙaramar wayar Nokia mai manhajar Opera Mini, irin wadda yawancin matasan unguwarmu suke shiga intanet da ita a wancan lokaci. Ta rubuta adireshin, muka zuba wa wayar ido. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, babu abin da ya fito sai farin fili. Kafin hoton farko ya gama sauka, kuɗin da ke wayarta ya ƙare. Ta miƙo mini ita ta ce, "Yaya, gidan naka ya yi kyau a bakinka, amma ba ka yi masa ƙofa ba. Sai ka biya ni katina."

Na biya ta, na kuma zauna na yi lissafi. Ga lissafin, domin zai amfane ka. Harafi ɗaya na rubutu nauyinsa bait ɗaya ne, mai ƙugiya kuma bait biyu. Hoto guda mai kyau yana iya kai megabait 3, wato bait wajen miliyan uku. Ke nan hoto ɗaya ya fi rubutun littafi mai shafi dubu nauyi. Mai karatu shi ke biyan kuɗin ɗaukar wannan kaya, ba mai shafi ba. Na gina shafin ne don wani manaja da nake hange a ofis mai sanyi, wanda bai taɓa leƙowa ba, na kuma rufe ƙofa ga mutanen da ke layinmu. Na cire kiɗan, na ƙanƙanta hotunan, na fara rubuta 'yan bayanai da Hausa: yadda ake buɗe imel, yadda ake kare waya daga 'yan damfara, da wani gajeren shafi a kan gaisuwa da ciniki a kasuwa, wanda na rubuta don wani abokin aikina baƙo.

Wannan shafin ciniki ne ya jawo wasiƙar da ta mayar da ni kan maganar Baba. A 2014 wata 'yar bautar ƙasa ta aiko mini da imel. Daga kudu ta fito. Ta yi makonninta uku a sansanin Wailo, aka tura ta koyarwa a wata makarantar sakandare. Ta ce da shafina take shiri kafin ta shiga kasuwar Wunti, har ta iya cewa "Nawa ne?" da "A rage mini." Da Hausa ta rubuto, tana tuntuɓe tana tashi. A ƙarshe ta yi tambaya: "Malam, a littafina an rubuta ɗaya, a shafinka an rubuta daya. Wanne ne daidai? Na faɗa wa mai tumatir yadda ka rubuta, ya yi dariya."

Kunya ta kama ni. Bahaushe idan ya ga kalma babu ƙugiya, yakan gane ta daga maganar da ke kewaye da ita, domin sautin yana kunnensa tun yana goye. Amma mai koyo ba shi da abin dogara sai abin da ya gani a rubuce. Idan na rubuta masa ba daidai ba, na koya masa ba daidai ba.

Sai a lokacin na yi binciken da ya kamata in yi tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ashe kwamfuta ba ta san harafi ba sam, lamba ta sani. Tsohon tsarin da aka fara da shi, mai suna ASCII, gurbi 128 kawai gare shi, kuma don Turanci aka yi shi. A ciki, lambar ƙaramin k ita ce 107. Daga baya aka fito da tsarin Unicode a 1991, domin kowane harafi na kowane harshe ya sami lambarsa. A nan ƙ tana da 409, ɓ tana da 595, ɗ tana da 599. Har ƴ, wadda ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar a inda mu muke rubuta 'y, tana da 436. Ashe tun ranar da na ce wa Baba kwamfuta ba ta san ƙugiya ba, lambobin suna nan. Gaskiya ne cewa kwamfutoci da wayoyi da yawa na wancan zamani ba su da zanen haruffan, sai su nuna ɗan akwati a gurbinsu. Amma babbar matsalar ita ce ban nema ba. Na yi mako uku ina bin rubuce-rubucena ɗaya bayan ɗaya, ina mayar wa kowace kalma ƙugiyarta. Sa'an nan na amsa mata: "Malama, littafinki ne daidai. Na gyara, kuma na gode."

Da zan ce maka daga nan ban sake kuskure ba, da na yi ƙarya. Shekarun da suka biyo baya kowa ya koma Facebook da Twitter, ni ma na bi. A can, kana rubutu ana amsa maka nan take, kuma yabo yana da daɗi. Shafina ya zama kufai. Na daina sabunta manhajarsa, har wasu ɓata-gari suka sami kafa suka cika shi da tallan caca, ban ma sani ba sai da wani ɗalibi ya gaya mini. Abubuwa biyu suka farkar da ni a 2021. A watan Yuni gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a kuma buɗe ba sai a Janairun 2022. A ranar 4 ga Oktoba kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na wajen awa shida. Dandalin sada zumunta kasuwa ce mai albarka, amma rumfar da ke cikinta ba taka ba ce. Na tuna 2009, gabana ya faɗi.

Saboda haka na yi gini na ƙarshe, wanda yake tsaye har yau. Idan ka gan shi, za ka ce ya fi duk na baya talauci. Bangonsa fari ne, rubutunsa baƙi. Babu kiɗa, babu abin da ke motsi, babu akwatin ƙirga baƙi. Kowane shafi fayil ne guda na HTML, kamar dai na 2003, kuma yana buɗewa a kan ƙaramar waya ko da sabis ya yi rauni. Hausa ce a gaba, Turanci na biye. Kowane rubutu yana da kwafi uku: ɗaya a saba, ɗaya a kwamfutata, ɗaya a wata ma'ajiya da na ba ƙanwata ta riƙe a gidanta. Sunana yana can ƙasa da ƙananan haruffa.

Ina cikin wannan aiki ne mahaifiyata ta kira ni ɗakinta. Ta jawo tsohuwar adakar Baba daga ƙarƙashin gado, tana neman takardar gida. Ta ce, "Ga wasu takardu nan, duba ko naka ne, kada in ba mai ƙosai." Na karɓa. Takardun nan ne da nake kawo masa daga kafe. Sun yi ja, gara ta ci gefen wasu. Daga cikin labarai goma sha biyu, bakwai na samu. A kan kowane layi ga jan bironsa, ga ƙugiya a kan kowace ɓ da ɗ da ƙ, babu wadda ya tsallake. Na zauna a bakin gadon na kasa magana. Inna ta dube ni ta ce, "Allah ya ji ƙansa." Na ce, "Amin, Inna."

Na buga su a daren, yadda ya gyara su. Su ne abin da baƙo yake fara gani idan ya shigo shafina. Biyar ɗin da suka ɓata kuwa na bar gurbinsu, na rubuta kanunsu kawai, ban cike da abin da nake tsammani ya faɗa ba.

To, ya kai mai karatu, wataƙila wata rana kai ma za ka gina naka shafin, ko ka rubuta manhaja, ko littafi. Kafin ka zaɓi launi da ado, ka tambayi kanka wa zai karanta, da wace irin waya, da kuɗin wa. Ka ajiye kwafin abin da ba za ka iya jure rashinsa ba, a wuri fiye da ɗaya. Idan kuma da Hausa za ka rubuta, ka nemi ƙugiya a madannan wayarka. Wayoyin yanzu suna da madannan Hausa, sai dai ka shiga saiti ka zaɓa. Akwai wani mai koyo a bayanka wanda zai furta kalmar yadda ya gan ta a wurinka.